Dana na Ɗakin Baya

Sharafaddeen ya ce hotonsa kaɗai ya kori ɓarayi daga ɗakin baya. Ya faɗa a cikin hafila, motar haya, tun daga Umdurman, ya faɗa wa mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, da ya ƙarasa da su unguwar Alsahafa, ya kuma sake faɗa a tsakar gida yana nuna ɗakin da sandarsa. Wai sun kwashe diwan, wato ɗakin baƙi, sun kwashe madafi, sun zare har wayoyin wuta daga cikin bango, amma da suka leƙa ɗakin baya suka haɗa ido da shi a jikin bango, sai suka ja ƙofar, suka ɗaure ta da waya, kowa ya kama gabansa.

Hoton nan a wani situdiyo na Kasuwar Umdurman aka ɗauke shi, tun kafin yaƙi. Yana tsaye da takobin aro, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan zakin roba, ya zare ido. Zakin ma kunnensa ɗaya ya karye.

"Ido ne, ya jama'a," in ji shi. "Akwai idon da ba a jure masa."

Ban da ido, yana da ilmi. Ya ce ya yi kwas a wurin wasu ƙwararru, kuma babu danar da bai san ta da kukanta ba. Dana dai kowa a Hartum ya koyi sunanta ba da son ransa ba. Ita ce ƙaton harsashin nan da ake cillowa daga nesa, ta huda rufi ta faɗo wa mutum yana tsakiyar cin abinci. Wata ta fashe nan take, wata ta kwanta shiru tana jiran wanda zai taɓa ta. Saboda irin masu kwanciyar ne aka tura Sharafaddeen makon jiya ya duba gidan kafin a dawo da yara. Ya tafi da wata riga mai aljihu da yawa, ya dawo ya ce tamam, komai lafiya. Ya ce ya ɗaga kowane gado, ya shinshina kowace kusurwa, har ya goge wa hotonsa ƙura da hannun riga. Inda shi kansa ya yi zaman yaƙin kuwa, wannan ya danganta da wanda ya tambaye shi.

Mawahib ta ci gaba da shararta. Wan mijinta ne, kuma ba ta da lokacin gardama. Gobe salla. Mijinta Idirisu yana can arewa wurin haƙar zinariya, ya yi waya ya ce da safe zai iso, kuma rabonsa da gidan nan tun ranar da suka fita da kayan jikinsu. Ita ce mai shayi a kasuwar Suk al-Shabi bayan shan ruwa, ita ce mai goyon Amjad, ita ce mai bin Hadil da ba ta iya zama wuri ɗaya, ita ce mai kai surukarta Gogo bayan gida ta dawo da ita. Ga kuma sharar salla.

Sharar salla a unguwar nan ba wasa ba ce. Komai sai ya fito tsakar gida ya sha rana, gadaje da katifu da akwatuna, har tukunyar da aka manta da ita. A wanke ƙasa, a kakkaɓe yana, a zuba sabon yashi, a shimfiɗa sababbin zannuwan gado, a turara gida. Da safe bayan idi ƙofar kowa a buɗe take, mata su shigo barka da salla, bakinsu na gaisuwa idonsu na kan kusurwa. Yaƙi ya canza abubuwa da yawa a Hartum, amma bai taɓa wannan idon ba.

Bana ɓarayi sun rage mata aikin fitar da kaya, sun ƙara mata na kwashe datti. Tun da suka dawo take tara abubuwa gida uku: na ajiyewa, na ƙonawa, da na mai hurda, mutumin nan da ke yawo da keken jaki yana karɓar tsofaffin ƙarafa, yana ba yara alewa. Hadil, wadda ba ta kai shiga makaranta ba, ta buɗe nata tarin a gindin darbejiya: murfin gwangwani, karyayyen cokali, ƙusa. Duk ƙarfen da ta gani nata ne.

"Yumma, lallena fa?"

"Bayan shara."

"Jiya ma haka kika ce."

"Jiya ma ba a gama ba. Matsa min, kin taka yashi."

Gogo na kwance a kan angareb, gadon igiya, a inuwar darbejiyar. Babu wuta balle fanka, don haka tun safe ta zaro wani kwali daga ƙasan ƙunshin kayanta tana fifita da shi da hannun da ke aiki. Ita ce ta ƙi barin gidan lokacin da kowa ya gudu. Ta zauna da autanta Hussein, har ranar da ya fita neman burodi bai dawo ba. Daga baya maƙwabta suka ɗauko ta suka zagayo da ita Umdurman, kuma kafin ta iso rabin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace. Harshenta ya yi nauyi. Ɗaki ya koma daki, ɗaya ya koma daya. Magana kaɗan take yi, kuma yawancinta guda ce.

"Dana na dakin baya," in ji Gogo. "Kar a taba."

Ɗakin baya na Hussein ne. Nan yake kwana, nan ake ajiye kayan da ba su da wurin zama. Duk wanda ya ji ta faɗi haka sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya bayyana shi. Mawahib ta ji maganar nan a Umdurman har ta daina jin ta, kamar kukan famfon da ke ɗiga.

Sharafaddeen ya durƙusa gefen gadon, ya gyara rigarsa mai aljihu.

"Ga ɗanki nan, Gogo, a gabanki. Babban ma."

Gogo ta dube shi da idon da ke buɗewa sosai.

"Ba kai ba. Dana."

"Kin gani ko, matar Idirisu?" Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Wannan a ilmi sunansa sadma. Ƙwaƙwalwa ce ke tsayawa wuri ɗaya. Mun karanta shi."

Khadiga, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta saman katanga, kanta ɗaure da tsumma, hannunta duk farar ƙasa.

"Ummu Amjad, kin kai ina?"

"Saura ɗakin baya."

"Ni na gama, saura turare. Ke, wannan tarin, kar ki sa masa wuta fa. Bayan masallaci wata ta kunna wa shara wuta shekaranjiya, wani abu ya tashi a ciki. Katangarta gaba ɗaya ta zauna. Allah ya sa ta shiga ɗauko ruwa."

"Ya Latif."

"Gidan da ba a duba ba ke nan," in ji Sharafaddeen. "Gidan da aka duba daban."

"Allah ya bar mana ku, ya ustaz," Khadiga ta ce, ta sauke kanta. Daga bayan katanga aka ji ta tana tari, irin tarin da ba na mura ba.

Mawahib ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon ƙofar ɗakin baya. Ƙofar ƙarfe ce, an fasa kwaɗonta yana lilo, an naɗe hannunta da waya daga waje. Tun ranar da suka dawo take kewaye ƙofar nan, tana ce wa kanta don Hussein ne, don kar Gogo ta ga an fito da rigunansa. Amma yau jajibiri, babu sauran gobe. Kuma Idirisu zai so ya shiga ɗakin ƙaninsa ya same shi a share.

"Yaya, ka ce ka shiga ciki, ko?"

Sharafaddeen ya cire tabarau ya dube ta.

"Ummu Amjad, ni kike tambaya?"

"A'a, wayar ce na ga kamar ta yi tsatsa a yadda take."

"Ni na mayar da ita yadda na same ta. Haka ƙa'ida ta ce. Ku mata komai sai an yi muku bayani." Ya mayar da tabarau, ya nufi diwan. "Zan ɗan miƙe. Azumi da aikin ƙwaƙwalwa ba sa haɗuwa."

Ta gyara goyon Amjad, wanda ya yi barci da kumatunsa a kafaɗarta, ta fara warware wayar. Tana murɗawa tsatsa na zubowa a yatsunta. A bayanta fifitar Gogo ta tsaya.

"Kar a taba," in ji Gogo. "Dana."

"Ba zan zubar da komai nasa ba, Gogo. Sharewa kawai."

Wayar ta karye a hannunta. Ƙofar ta buɗe da ƙara.

Zafi ya fara fitowa, da warin ƙura da tsohuwar auduga. Da idonta ya saba da duhun, sai ta ga abin da ta manta akwai irinsa a duniya, wato ɗaki cike da kaya. Ga keken ɗinki a rufe da zane. Ga tukunyar gas. Ga manyan farantan tagulla na bikin aurenta jingine da bango, a garin da aka tone ƙasa don a zare tagullar waya. Abin ya kamata ya faranta mata rai. Bai faranta ba.

Hadil ta kutsa ta gefen ƙafarta.

"Yumma, ƙarafa!"

"Kar ki yi nisa. Duk abin da ke ƙarƙashin gado ki turo min waje, amma ban da kwalba."

Ta faɗi haka ba tare da ta duba ba, don idonta na kan wani buhu a tsakiyar ɗakin. Ba buhunsu ba ne. An fara cika shi, ga bakin faranti ɗaya ya leƙo, ga rediyon Hussein a ciki, sai aka bar shi a nan baki buɗe. Kusa da shi takalmi ne wari ɗaya, babba, na namiji, ba na kowa a gidan ba. Yana fuskantar ƙofa. Mai shi ya fita bai tsaya ɗauka ba.

Ta dubi ƙasa. Ƙura ta kwanta lumui kamar garin da aka tankaɗe, babu sawun kowa a kai sai nata da ƙananan na Hadil. Mutumin da ya ɗaga kowane gado makon jiya, da alama a iska ya yi tafiya.

Ta ɗaga kai ta nemi hoton. Ƙusa ce kawai a bangon, da wani fili mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi na gefe haske. A ƙasan wurin fasassun gilasai ne, su ma ƙura ta rufe su.

To, in ba hoto ba, me suka gani?

Sai a lokacin ta lura da hasken. Wani siririn hasken rana na saukowa daga rufi, a miƙe, ƙura na yawo a cikinsa. Ta bi shi da ido zuwa sama, ta ga rami a jikin kwano, bakinsa ya lanƙwaso ciki. Ta bi shi zuwa ƙasa. Ya sauka daidai kan gadon Hussein, a tsakiyar katifa, inda auduga ta tsattsage ta fito kamar an tona. Daga ƙarƙashin gadon kuma ƙafafun Hadil ne suka leƙo, tafinsu fari fat da ƙura, yatsun na motsi.

Daga tsakar gida muryar Gogo ta taso, da ƙarfin da Mawahib ba ta san ya rage mata ba.

"Dana! Dana!"

Wannan karon ta ji. Ba da harshen gida ta ji ba, da ɗaya harshen ta ji, Larabci, na kasuwa da titi da rediyo. Tsohuwar nan ba ta taɓa cewa ɗanta na ɗakin baya ba.

"Yumma," muryar Hadil ta fito daga ƙarƙashin gado, cike da murna. "Akwai kifi a nan. Kifin ƙarfe, da wutsiya."

Mawahib ta buɗe baki, ihu ya zo har maƙogwaro, ta haɗiye shi. Ta san 'yarta. In aka yi mata tsawa, abin da ke hannunta take ƙanƙamewa ta ruga da shi. In aka ce saki, sai ta ƙara riƙo. Halin gidan ubanta ne.

A hankali ta sauka kan gwiwoyi, ta dafa ƙasa, ta kwantar da kumatunta kusa da ƙura. Amjad ya motsa a bayanta. Ta leƙa.

Danar tana nan. Ta shigo ta katifa, ta tsinke igiyoyin gadon, ta kafa kai cikin ƙasa a karkace, rabinta a waje, jikinta kore-kore da tsatsa. Wutsiyarta mai fikafikai tana sama. Hannayen Hadil biyu na kan wutsiyar.

"Ya maƙale," in ji Hadil, ta ciji leɓe. "Mai hurda zai ba ni alewa babba. Bari in ja."

"Hadil." Muryar ta fito kamar ta wata. "Habibti, dakata tukuna. Kar ki ja. Bari in gan shi da kyau."

"Kin gan shi?"

"Na gan shi. Kyakkyawa ne."

"Nawa ne. Ni na samo."

"Naki ne."

Ta auna tsakaninsu da ido. In ta miƙa hannu za ta kai ga ƙafar yarinyar, amma in ta ja ƙafar, yarinyar za ta jawo kifin. In ta kutsa ciki, goyo zai bugi gadon, gadon ya bugi abin. Ta ji bugun zuciyar Amjad a bayanta, ƙanana, da sauri, ko kuwa nata ne, ba ta iya bambancewa.

Inuwa ta rufe ƙofa.

"Wai menene Gogo ke ta ihu, an hana mutum..." Sharafaddeen ne, da tabarau a goshi. "Me kike yi a ƙasa?"

"Yaya," ta ce ba ta juyo ba, a hankali kamar mai lallashin kaza. "Kar ka ɗaga murya. Leƙa ƙarƙashin gado. Ka gaya min abin da zan yi."

Ya sunkuya. Ya leƙa. Ta ji numfashinsa ya tsaya.

Abin da ƙwararru suka koya masa, ya yi shi nan take. Ya juya ya fita, kafaɗarsa ta kwashi ƙofar ƙarfen ta bugu da bango, ƙarar ta cika ɗakin. Kwanon rufi ya amsa. Ƙura ta zubo ta cikin hasken, wani ɗan dutse ya faɗo kan katifa ya gangara cikin ramin audugar. Mawahib ta rufe ido. Ta ji ƙaramin ƙas, dutse a kan ƙarfe.

Ta jira.

Babu abin da ya faru, sai Amjad da ya farka ya tsala kuka a kunnenta, da ƙarar ƙofar gida can waje, da takun gudu yana nisa a layi.

"Ammu Sharafaddeen ya tsorata kifina," in ji Hadil. Ta gyara riƙo. "Bari in fito da shi kafin ya nutse."

Mawahib ta ga ƙananan yatsun sun matse. Ta ga tsatsar da ta shafa a kansu, ja-ja, har kan farce. Sai maganar ta zo mata da kanta.

"Halas. Shara ta ƙare."

Hadil ta juyo da kai.

"Ta ƙare?"

"Ta ƙare. Yanzu lalle. Khalti Khadiga ta kwaɓa tun safe, irin mai baƙi, na manya."

"Da fure?"

"Da fure, har nan." Ta taɓa wuyan hannunta. "Amma wayyo, dubi hannunki. Tsatsa ce wannan? Lalle ba ya kama hannun da ya sha tsatsa. Gobe ƙawarki Tasnim za ta zo da nata baƙi ƙirin, naki ya fito fari kamar ba a sa ba."

Amjad na kuka, Mawahib na jijjiga shi da kafaɗa kaɗan-kaɗan, tana tsoron ko jijjigar ma ta yi yawa.

"Nuna min in gani ko bai riga ya ɓaci ba. Duka biyun. Buɗe su sosai."

Hadil ta dubi kifin, ta dubi uwarta. Ta saki hannu ɗaya ta kalli tafinsa. Fuskarta ta yamutse. Ta saki ɗayan, ta miƙo su gaba, yatsu a baje.

"Ya ɓaci?"

"Saura kaɗan. Ki riƙe su haka a sama, kar su taɓa komai. Yanzu ki dawo da baya da ciki, kamar ƙadangare. Kanki a ƙasa. A hankali, don kar ƙura ta hau su."

Yarinyar ta fara ja da baya. Gwiwa, ciki, gwiwa. Wata tsinkakkiyar igiya da ke lilo daga gadon ta kama kitsonta. Igiyar ta miƙe, gadon ya yi ƙara, ɗaya bakin igiyar kuwa yana can naɗe a wuyan abin.

"Tsaya. Kar ki motsa."

"Yana ja min gashi."

"Na sani. Rufe ido ki zaɓi furen da kike so."

Mawahib ta miƙa hannu har kafaɗarta ta shige ƙarƙashin katakon gadon, kan Amjad na gogar gefen katifa. Da yatsu biyu ta lalubo kitson. Ta kasa, ta tsaya ta karanta abin da ya zo bakinta, ta sake gwadawa. Zaren igiyar ya shiga tsakanin kitso da ɗan kwalliyar roba da ke bakinsa. Ta zare robar gaba ɗaya. Igiyar ta saki, ta koma tana lilo a hankali, tana shafar wutsiyar tana dawowa.

Ta kama 'yarta ta ƙugu, ta jawo ta, ta ɗaga ta cak. Ba ta gudu ba. Ta taka sawunta na shigowa ɗaya bayan ɗaya, ta wuce buhun, ta wuce takalmin, ta fito rana.

Gogo ba ta kan gado. Ta sauko da kanta, ta ja jiki da hannu ɗaya a kan sabon yashin har ta kusa rabin tsakar gida, kwalinta a cije a baki. Sawun jan jikinta ya ɓata sharar safe gaba ɗaya.

"Khadiga!" Sai yanzu ihun ya samu hanya. "Khadiga, fito da yaranki! Dana!"

Kafin la'asar layin ya zama babu kowa. Maza biyu suka ɗauko Gogo a kan kujera, aka ɗaura jan tsumma a ƙofar gidan, aka yi waya ga masu kwance irin waɗannan abubuwa. Suka ce kowa ya yi nisa, kar a taɓa komai, suna zuwa in sun gama da na gabansu. Mutane suka taru a rumfar wani kanti a bakin babban titi, wasu da tsintsiya a hannu, wata da farantin biskitin salla da ta fito da shi ba ta san ta ɗauko ba.

Khadiga ta fito da kwanon lallenta, don shi ne a hannunta lokacin da aka yi ihu. Hadil ta zauna a ƙasa ta miƙa hannaye, an wanke su da ruwan tulun kanti. Mawahib ta fara zana furen. Layin ya karkace, ta goge, ya sake karkacewa.

"Kawo nan," in ji Khadiga. "Wannan ai ba fure ba ne, taswirar Nilu ce."

Mawahib ta ba ta, ta matsa kusa da kujerar Gogo ta durƙusa. Ta riƙe hannun da ba ya aiki.

"Gogo, ki yafe mana. Tun Umdurman kike faɗa."

"Na ce," in ji Gogo.

"Mun ɗauka Hussein kike nufi."

Gogo ta daɗe tana kallon titi, inda hafiloli ke wucewa cike da masu komawa gida salla.

"Hussein ya fita," ta ce. "Bai dawo ba. Na sani."

Ta ɗaga kwalinta ta ci gaba da fifita.

Can sai ga Sharafaddeen ya ɓullo daga wajen kasuwa, yana ɗingishi, takalmi a ƙafa ɗaya. Ya tsaya a bakin rumfar ya jira a dube shi.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Na je neman ɗauki. A irin wannan hali, wanda ya fi kowa sani shi ke fara fita, don ya tsara. Haka ƙa'ida ta ce."

"Ina ɗaukin, ya ustaz?" in ji Khadiga, idonta na kan hannun Hadil.

"Suna hanya." Ya share gumi. "Kuma ku kwantar da hankalinku, wannan matacciya ce. Na gan ta tun makon jiya, na auna ta, na ga ba ta kai a tayar wa mata da hankali ba."

"Ashe ɓarayin ma ita suka gani," wani dattijo ya ce.

"La, la, ya hajj. Ɓarawo bai san dana ba, jahili ne. Hoto suka gani. Yana nan a bango yanzu haka, da hannuna na goge shi. In masu aikin sun zo ku tambaye su, su ma sai sun yi sallama kafin su shiga."

Hadil ce kawai ta ɗago kai, hannayenta a sama don kar lalle ya goge. Tana kallon kwalin da ke hannun kakarta, wanda ya juye lokacin da aka ɗauko ta a kujera.

"Ammu," ta ce. "Ga ka nan."

Kowa ya duba. Gogo ta ci gaba da fifita. Takobin aro, da zakin mai kunne ɗaya, da idon da ba a jure masa, suna kaiwa suna komowa a gaban hancinta.